Nazarin Lamari: Jarumi Mai Fanni Biyu da Rikicin Zaɓen Sihiri a Teburin Dungeons & Dragons

Asalin lamarin

Dungeons & Dragons wasa ne na labari wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Mutane ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya riƙe jarumi guda a cikin wata duniyar almara, jagoran wasa yana bayyana abin da ke faruwa, ana kuma jefa 'yan lido masu fuskoki daban-daban domin sanin ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu ko bai yiwu ba. Rukunin da wannan nazari ya shafa mutum biyar ne da jagoransu, suna haɗuwa sau ɗaya a mako, kuma da dokokin bugu na biyar suka fara wasa, wato littafin Player's Handbook wanda kamfanin Wizards of the Coast ya wallafa a 2014.

Kafin a shiga lamarin akwai lambobi uku da ya kamata a bambance, domin daga cakuɗa su rikicin ya taso. Na farko shi ne matakin jarumi, wanda ke tashi daga 1 zuwa 20. Na biyu shi ne darajar sihiri, daga 1 zuwa 9. Na uku kuma shi ne gurbi, wato damar yin sihiri sau ɗaya. Kowane gurbi yana da tasa daraja, idan an yi amfani da shi ya tafi ke nan sai bayan dogon hutu, kuma ana iya yin ƙaramin sihiri da babban gurbi amma ba a yin babban sihiri da ƙaramin gurbi. Ga jarumin da ya tsaya a fanni ɗaya, wato sana'a guda kamar firist ko masihirci, waɗannan lambobi tare suke tafiya: ranar da ya sami gurbi mai daraja ta 3, ranar ce kuma yake samun ikon koyon sihiri mai daraja ta 3.

Ɗan wasan da lamarin ya faru da shi ya fara ne da firist na ɓangaren rayuwa, mai warkar da abokan tafiya, yana da 16 a sifar Hikima da 14 a sifar Basira, waɗanda ke ba shi ƙarin 3 da ƙarin 2 a lissafi. Ɓangaren nasa ya ba shi ikon sa sulke mai nauyi, don haka da sulken zobba da garkuwa lambar kariyarsa 18 ce. Daga zama na 1 zuwa na 9 ya kai mataki na 3 ba tare da wata gardama ba.

Zama na 10 zuwa na 14: shiga fanni na biyu

Da rukunin ya kai mataki na 4, ɗan wasan ya nemi izinin ɗaukar mataki ɗaya a fannin masihircin kundi, wanda ke rubuta sihirinsa a littafi yana nazarinsa. Haɗa fanni biyu doka ce ta ganin dama a babi na shida na littafin, sai jagora ya yarda ake aiki da ita, kuma sharaɗinta shi ne jarumi ya kasance yana da aƙalla 13 a sifar tsohon fanninsa da ta sabon. Sharaɗin ya cika, jagoran ya amince.

A wannan lokaci ba a ga wata matsala a fili ba, saboda dokar masihirci ta faɗa ƙarara cewa kundinsa na farko yana ɗauke da sihiri shida masu daraja ta 1. Sai dai tun a nan ɗan wasan ya soma wata al'ada da ba wanda ya lura da ita: jerin sihiri guda ya rubuta a takardarsa, na firist da na masihirci a haɗe, da lambar tsira guda a samansa, wato lambar da abokin gaba zai kai da ɗan lidonsa kafin ya kuɓuta daga sihirin.

Zama na 15: inda kuskuren ya shiga

A mataki na 5 ya ƙara mataki na biyu a fannin masihirci, ya zama firist mai mataki 3 kuma masihirci mai mataki 2. Ya duba jadawalin guraben masu haɗa fanni, ya haɗa 3 da 2 ya sami 5, jadawalin kuma ya ba shi gurabe huɗu masu daraja ta 1, uku masu daraja ta 2, da biyu masu daraja ta 3. Har zuwa nan lissafinsa daidai ne. Daga nan ya koma shafin masihirci, inda aka ce duk lokacin da ya ƙara mataki zai sa sabbin sihiri biyu a kundinsa kyauta, muddin suna da darajar da yake da gurbinta. Ya ga yana da gurbi mai daraja ta 3, sai ya ɗauki Ƙwallon Wuta da Karya Sihiri, dukkansu masu daraja ta 3. Da wannan fahimtar ya juya ɓangaren firist ya shirya Ruhohi Masu Gadi, wato ya sa shi cikin sihirin da zai iya yi a ranar, ya kuma ɗauki Farfaɗowa, wadda ɓangaren rayuwa ke bayarwa a mataki na 5 na firist.

Da aka bi takardarsa daga baya an sami wasu kurakurai uku da suka biyo bayan na farkon. Yana amfani da lambar tsira 14 ga kowane sihiri, alhali 14 ta sihirin firist ce kawai, wato 8 da ƙarin ƙwarewa 3 da ƙarin Hikima 3, ta masihirci kuwa 13 ce tunda da Basira ake lissafa ta. Baiwar masihirci ta maido da gurabe a gajeren hutu, wadda iyakarta rabin matakin masihirci ne, ya lissafa ta da jimillar matakansa biyar, yana maido da gurbi mai daraja ta 3 a inda hakkinsa gurbi ɗaya ne mai daraja ta 1. Na ukun kuwa kansa ya cuta: ya haɗa 5 da 3 yana shirya sihiri takwas a rana, alhali doka ta ba shi shida na firist da huɗu na masihirci, goma ke nan, ban da huɗun da ɓangarensa ke ba shi a shirye kullum. Wannan na ƙarshen ya isa shaida cewa ba da niyyar ha'inci ya yi ba.

Yunƙuri na farko, zama na 15 zuwa na 18: barin abin yadda yake

Wadda ta fara ɗaga murya ita ce 'yar wasan da ke riƙe da masihirciyar gado, wadda ta tsaya a fanni ɗaya tun farko. A mataki na 5 sihiri shida kacal jarumarta ta sani, kuma Ƙwallon Wuta ne abin da ta jira matakai huɗu domin samu. A faɗan zama na 16 ta ga firist sanye da sulke ya tsaya tsakiyar abokan gaba ya jefa wannan sihirin, 'yan lido takwas masu fuska shida, a da'ira mai ƙafa 20 daga tsakiya zuwa baki, ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin abokansa ba, saboda makarantar sihiri, wato reshen da ya zaɓa a mataki na 2 na masihirci, tana ba shi damar tsame mutum huɗu daga ɓarnar sihiri mai daraja ta 3. Da aka kawo masa sara ya yi sihirin Garkuwa, kariyarsa ta tashi daga 18 zuwa 23. Ta ajiye fensirinta ta ce wa jagoran, "To ni me ya rage mini a teburin nan?" Ɗan wasan ya buɗe littafin ya nuna mata layin da yatsa, ya ce, "Ai ga shi nan, darajar da kake da gurbinta aka ce, ni kuwa ina da gurbin."

Jagoran ya karanta layin, ya ga kalmomin suna nan kamar yadda aka faɗa, ya yanke cewa a ci gaba haka, ya kuma ƙara yawan abokan gaba domin faɗa ya yi daidai da ƙarfin rukunin. Matakin bai yi aiki ba, saboda dalilai biyu. Ƙarin abokan gaba ya faɗa kan mayaƙi da sauran waɗanda ƙarfinsu bai ƙaru ba, har ɗayansu ya faɗi sau biyu a zama guda. Sannan wani ɗan wasan ya kawo lissafin da ya nuna inda fassarar za ta kai su: idan gurbi ne ke buɗe ƙofar sihiri, to masihirci mai mataki 16 da ya ɗauki mataki ɗaya tak na firist zai kai jimillar 17, inda gurbi mai daraja ta 9 ke fitowa, kuma tunda firist daga dukkan jerin fanninsa yake zaɓa, wannan mataki ɗayan zai buɗe masa sihirin firist har daraja ta 9. A irin wannan hali babu dalilin da zai sa wani ya tsaya a fanni ɗaya, kuma a ƙarshen zama na 18 mutum biyu sun riga sun sanar cewa su ma za su haɗa fanni a mataki na gaba.

Yunƙuri na biyu, zama na 19 zuwa na 21: raba guraben

Jagoran ya taɓa wasa da bugu na uku, inda kowane fanni ke da nasa adadin sihirin yini a keɓe, sai ya koma ga wannan tsari. Ya soke sihirin masu daraja ta 3 gaba ɗaya, ya kuma umarci ɗan wasan ya riƙe gurabe kashi biyu: na firist mai mataki 3, wato huɗu masu daraja ta 1 da biyu masu daraja ta 2, da na masihirci mai mataki 2, wato uku masu daraja ta 1, ba a yin sihirin wani fanni da gurbin wani. A ƙidaya gurabe tara ne a tsohon tsari da sabon, shi ya sa jagoran ya ɗauka bai rage masa komai ba, amma idan aka haɗa darajojinsu, jimillar ta sauko daga 16 zuwa 11. Ya kuma rage ƙananan sihirin da ba sa cin gurbi, ya ce harbin wutar jarumin ya koma ɗan lido ɗaya mai fuska goma tunda matakin masihircinsa 2 ne, alhali a doka waɗannan da jimillar matakin jarumi suke ƙaruwa, a mataki na 5 da na 11 da na 17.

A zama na 20 guraben firist suka ƙare a tsakiyar faɗa, mayaƙi ya faɗi, kuma jarumin yana riƙe da gurabe uku na masihirci waɗanda sabon hukuncin ya hana shi yin waraka da su. Hukuncin ya kuma taɓa wani da ba ruwansa da gardamar, wato mai riƙe da barden rantsuwa mai mataki 2 da ya haɗa da mawaƙi mai mataki 3. Barden yana ƙona gurbi ne domin ƙara ƙarfin saransa, kuma a dokar littafin rabin matakin barde da cikakken matakin mawaƙi sun ba shi jimillar 4, gurabe bakwai da zai iya ƙonawa. Rabawar ta bar shi da biyu. Zama uku aka yi ana wannan tsari, rabin lokacin faɗa yana tafiya wajen tambayar wane gurbi na wane fanni ne.

Zama na 22: komawa ga nassin doka

An keɓe wannan zaman gaba ɗaya ga karatu, ba a yi wasa ba. Abin da aka gano shi ne duk gardamar a shafin masihirci aka yi ta, alhali babi na shida ya faɗa cewa da zarar jarumi ya sami baiwar sihiri daga fanni fiye da ɗaya, dokokin wannan babin ne ke aiki. Dokokin sun raba tambayar gida biyu. Sihirin da jarumi ya sani ko ya shirya ana tantance shi ga kowane fanni daban, tamkar ba shi da wani fanni sai wannan. Gurabe kuwa a tukunya ɗaya suke: ana haɗa dukkan matakan mawaƙi da firist da masihircin daji da masihircin gado da na kundi, da rabin matakan barde da mafarauci, da sulusin matakan mayaƙi ko ɗan sane idan sun zaɓi reshen da ke da sihiri, ana zubar da ɓurɓushin lissafi a rabin da sulusin. Shi kansa layin da ɗan wasan ya nuna da yatsa bai ƙare a inda ya tsaya ba, ya ci gaba da cewa kamar yadda jadawalin masihirci ya nuna, jadawalin masihirci kuwa a mataki na 2 ba shi da komai sama da daraja ta 1.

Littafin ma ya kawo misalin da ya yi kama da nasu: mafarauci mai mataki 4 da ya haɗa da masihirci mai mataki 3 yana da gurabe biyu masu daraja ta 3, amma bai san ko da sihiri ɗaya mai wannan daraja ba, sai dai ya yi ƙananan sihirinsa da manyan guraben, ya ci moriyar ƙarin ƙarfin da wasunsu ke samu.

An ɗauki matakai huɗu. An sake rubuta takardar jarumin da shafi biyu, kowane fanni da jerinsa da lambar tsirarsa, guraben kuma a akwati ɗaya a ƙasa. An ba shi damar musanya sihirin biyu da ya ɗauka bisa kuskure da wasu masu daraja ta 1 ba tare da biyan komai ba, ya ɗauki Hannun Wuta da Kibiyar Sihiri. Jagoran ya yi masa tayin sake gina jarumin a matsayin firist zalla idan ya ga cinikin bai yi masa ba, ya ƙi. Na huɗun shi ne aka zauna aka lissafa abin da gurbi mai daraja ta 3 zai yi masa, domin babban ƙorafinsa shi ne guraben biyu sun zama ado.

Lissafin ya nuna ba haka ba ne, ko da yake bai kai abin da ya rasa ba. Ƙwallon Wuta matsakaicin ɓarnarsa 28 ne. Hannun Wuta a gurbi na 3 yana kai 'yan lido biyar masu fuska shida, matsakaici 17 da rabi, a ɗan ƙaramin fili kusa da jiki, Kibiyar Sihiri kuma kibau biyar ne masu irin wannan jimillar waɗanda ba sa kuskuren bugu. A ɓangaren firist ne ribar ta fi fitowa: Warkar da Rauni a gurbi na 3 yana maido da matsakaicin 21 da rabi idan aka haɗa da baiwar ɓangaren rayuwa, Albarka tana rufe mutum biyar maimakon uku, wato rukunin duka, Daskarar da Mutum yana kama biyu maimakon ɗaya, Tallafi kuma yana ƙara wa mutum uku lafiya 10 kowanne maimakon 5. An kuma lura da waɗanda babban gurbi ba ya ƙara musu komai, kamar Garkuwa, da Makamin Ruhu wanda sai a gurbi na 4 yake ƙaruwa. Game da Ƙwallon Wuta, hanya ɗaya ta rage masa: idan ya sami takardar sihirin a ganima zai iya karanta ta, amma sai ya ci gwajin Basira na 13, wato ya kai 13 da ɗan lido mai fuska ashirin idan aka haɗa da ƙarinsa, wanda da ƙarin 2 rabin lokaci ne zai ci, kuma ba zai iya kwafe ta a kundinsa ba, tunda kwafi sai sihirin da yake iya shiryawa.

Zama na 23 zuwa mataki na 7

Ɗan wasan ya mayar da matakansa biyu na gaba ga firist. A mataki na 6 ya sami ƙarin sifar da firist zalla ke samu tun mataki na 4, ya ɗaga Hikima zuwa 18. A mataki na 7 ya zama firist mai mataki 5, Ruhohi Masu Gadi da Farfaɗowa suka dawo hannunsa bisa doka, kuma da yake jimillarsa 7 ce yana da gurbi ɗaya mai daraja ta 4, wanda ke ɗaga Ruhohin daga 'yan lido uku masu fuska takwas zuwa huɗu. A daidai lokacin masihirciyar gado ta riga ta shiga sihiri mai daraja ta 4. Daga cikin biyun da suka yi niyyar haɗa fanni, ɗaya ya fasa bayan ya ga jinkirin, ɗayan ya ɗauki mataki ɗaya a fannin mai alkawari, wanda ke samun sihirinsa ta hanyar alkawari da wata halitta mai iko, aka kuma yi masa bayani tun kafin ya fara cewa guraben wannan fannin ba sa shiga jimillar, suna zaman kansu suna dawowa a gajeren hutu, amma ana iya yin sihirin kowane fanni da su.

Sabon Player's Handbook ya fito a watan Satumba na 2024, rukunin ya koma kansa daga baya. Adadin sihirin da ake shiryawa ya zama lamba tsayayya a jadawalin kowane fanni, zaɓen reshe ya koma mataki na 3 ga kowa, wanda ya sa jarumin ya rasa makarantarsa ta masihirci, rabin matakan barde da mafarauci kuma yanzu sama ake cike shi, don haka barde mai mataki 3 da mawaƙi mai mataki 4 ya tashi daga jimillar 5 zuwa 6. Rabon da ke tsakanin zaɓen sihiri da gurabe bai canza ba, takardar mai shafi biyu ta ci gaba da aiki yadda take.

Hukunci

Yunƙuri na farko ya gaza ne saboda ya bar gurbi ya yanke abin da jarumi ya sani, na biyu kuma saboda ya bar fanni ya yanke gurbin da jarumi zai yi amfani da shi. Kowannensu ya riƙe rabin dokar ya shafa ta a kan ɗaya rabin. A ganin mai wannan nazari, na biyun ya fi muni, domin na farkon kuskuren karatu ne wanda kalmomin shafin masihirci suka ba da ƙofarsa, na biyun kuwa sabuwar doka ce da aka ɗora a tsakiyar wasa ba tare da an buɗe babin da ya riga ya warware matsalar ba, har ta hukunta barden da bai yi laifin komai ba. Tsarin littafin ma yana da nasa alhakin, tunda mai ƙara mataki shafin fanninsa yake buɗewa, ba babi na shida ba.

Abin da ya sa gyaran ya zauna ba karanta dokar kaɗai ba ne. Takardar mai shafi biyu ta hana kuskuren sake aukuwa, domin duk sihirin da za a rubuta dole ya faɗa ƙarƙashin fanni guda da matakinsa a rubuce a sama, lissafin manyan gurabe kuma ya nuna wa ɗan wasan ainihin abin da ya saya da abin da ya biya. Ya biya jinkirin matakai biyu a sihiri mai daraja ta 3 da kuma a ƙarin sifa, ya sami Garkuwa a kan sulke mai nauyi, da kundin sihiri takwas, da sihiri goma a shirye inda firist zalla mai irin matakinsa da Hikima 18 ke da tara. Da an yi wannan lissafi a zama na 10, lokacin da ya nemi izinin shiga fanni na biyu, da jagoran ya ga jerin sihirin da aka haɗe wuri guda tun kafin gurbi mai daraja ta 3 ya bayyana a takardar.